Ashirin Bisa Ɗari

Ranar da Auta ta cika kwana goma sha tara ba ta haɗiyi ƙwaya ba, Sista ta ajiye mata takarda da fensir a kan tebur ta ce ta cike a tsanake. Ɗakin ƙarami ne, can ƙarshen barandar asibitin masu neman rabuwa da shaye-shaye: tebur ɗaya, kujerun roba biyu, fanka mai kuka, da kabad ɗin fayil wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da kwali. Auta tela ce, shekarunta ashirin da shida. Ciwon baya na zaman keke ne ya kai ta ga ƙwayar, ƙwayar kuma ta kai ta inda ta kai ta. Yanzu duk Litinin nan take zuwa, kuma ba ta da wani abin da ta mallaka a duniya wanda ya kai mata kwanakin nan goma sha tara daraja.

Tambayoyi biyar ne a takardar, a gaban kowace an jera lambobi daga sifili zuwa ɗari, ashirin-ashirin. Idan kina cikin farin ciki, nawa ne tabbacinki cewa ba za ki sha ba? Idan kin ga masu sha fa? Idan wani ya miƙo miki a hannu? Idan jikinki yana ciwo? Idan an yi rigima a gida? Auta ta riƙe fensir kamar zai cije ta, ta tambaya ko nawa ake so mutum ya samu.

"Ba a so ki samu komai, ƙanwata," in ji Sista, da muryarta mai kaushi. "Ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsagar muke nema mu liƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Sai Auta ta faɗi gaskiya. Ta zagaye tamanin a farin ciki, sittin a ganin masu sha, arba'in a miƙowa. Da ta zo kan ciwon jiki ta zagaye ashirin, a kan rigimar gida ma ta daɗe tana kallo kafin ta zagaye ashirin. Sista ba ta ɓata fuska ba, har godiya ta yi mata. Ta juya bayan takardar ta rubuta abin yi: in baya ya taso a gasa da ruwan zafi, a tashi daga keke duk bayan awa, in hayaniya ta tashi a gida a fita tsakar gida a wanke fuska, a kira wannan lambar. Ta ba ta kwafi ɗaya ta ce ta riƙa dubawa. Auta ta fito tana jin jikinta sakayau, don an daɗe rabon da wani ya tambaye ta abu kuma ya jira ya ji amsar.

Ta manta da Soja. Yayanta ne, kuma bai taɓa zama soja ba. Sau uku yana neman shiga ana dawo da shi saboda ƙafarsa, sunan ne kawai ya samu shiga. Gadin wani sito yake yi, amma gadin da ya fi ba muhimmanci shi ne na jakar ƙanwarsa. Tana shigowa ya karɓe ya zazzage a kan tabarma, kamar kullum: almakashi, tef ɗin awo, alli, waya. Ya ga takardar, ya juya ta sama da ƙasa, bai gane ba, ya kai wa mahaifinsu.

Mahaifinsu Hedimasta ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ya yi ritaya, amma ba wanda ya gaya wa hannunsa. Har yau da jan biro a aljihun gaban rigarsa, yana gyara kuskure a jarida, a takardar wuta, a kwalin sabulu. Mutum ne mai tsafta da kiyaye lokaci, unguwa tana girmama shi, kuma bai taɓa ganin lamba a takarda ya ɗauke ta wani abu ban da maki ba. Ya sa tabarau, ya tara lambobin Auta a gefe, ya raba biyar, ya rubuta arba'in da huɗu ya zagaye da ja. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin amsoshi ukun da ba su kai hamsin ba.

Auta ta durƙusa a bakin ƙofar falo ta yi ƙoƙarin maimaita masa abin da Sista ta ce, na bango da tsaga. Ya bar ta ta gama, don shi ba ya katse ɗalibi. Sannan ya ce wato da hannunta ta rubuta wa bare cewa niyyarta ta komawa ta fi niyyarta ta dainawa, kuma gidansa ne dalili. Ya ce duk amsar da ta faɗi bulala biyar ce. Ya aiki Soja ya kwance wayar dutsen guga.

A tsakar gida aka yi, da rana tsaka, kusa da famfo. Soja ya haɗa hannayenta biyu ya ɗaga sama. Hedimasta ba ya duka cikin fushi, wannan shi ne abin tsoron. Yana sauke wayar yana ƙirgawa a fili, yana barin numfashi ɗaya tsakanin kowace da mai bi mata. A ta shida rigarta ta tsage. A ta tara ta daina kiran sunan Allah a bayyane ta koma nishi. Ya cika goma sha biyar cif, ya naɗe wayar da kyau, ya wanke hannu a famfo, ya ce mako mai zuwa yana son ganin ci gaba, kuma ɗalibin da ya dawo ba takardar sakamako shi ma ya faɗi.

Inna ce ta gasa mata bayan da tsumma. Mace ce gajera mai ciwon gwiwa, wadda ta shekara talatin tana tafiya a gidan nan kamar mai tsoron tada barcin wani. Tana gasawa tana cewa don yana sonta ne, da ba ya sonta ai da ya zuba mata ido. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta yi haƙuri ta rubuta masa abin da yake so, me zai rage ta da shi. Auta ta kifa fuska a filo. Bayanta yana ci kamar an zuba garwashi, kuma kemis ɗin da ta sani yana nan a kwanar layi, taku ɗari biyu. Ta ciji filon har ya jiƙe, amma ba ta je ba.

Litinin ta zagayo, kwana ashirin da shida. A hanya ta yanke shawarar za ta zagaye tamanin-tamanin a huta. Amma da ta zauna, Sista ta tura mata fensir ta ce, "Yaya makon ya kasance?" sai hannunta ya ƙi. Wannan ɗaki mai fanka mai kuka shi kaɗai ne wurin da ya rage mata na faɗin gaskiya, in ta yi ƙarya a nan to ina kuma? Ta bar ciwon jiki a ashirin. A miƙowa ta ɗaga zuwa sittin, don a makon wata tsohuwar ƙawa ta tare ta a hanya ta kuma wuce. A rigimar gida ta zagaye sifili.

Sista ta dubi sifilin, ta dubi yadda Auta ke zaune a bakin kujera ba ta jingina ba. Ta tambaya me ya samu bayanta, Auta ta ce ƙofa ce ta buge ta. Sista ta shekara goma sha biyu tana jin labarin ƙofofin da ke dukan mata, ta san irinsu. Amma mutum arba'in ne ke jiranta a baranda, kuma ta yarda, kamar yadda masu ilimi kan yarda, cewa rashin sani ne ciwon, bayani ne maganinsa. Ta ce mako mai zuwa Auta ta zo da mahaifinta su zauna. Ta rubuta hakan a ƙasan kwafin, ta sa hannu.

Hedimasta bai ga sittin ɗin da ya ƙaru ba. Sifilin ya gani. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce a shekara talatin da biyar bai taɓa ba ɗalibi sifili ba, ko daƙiƙi yakan ba shi maki biyu na rubuta suna, amma yau 'yar cikinsa ta ba gidansa sifili, har an kira shi ofis kamar uban yaron da ya yi sata. Wannan karon bai ƙirga ba. Ya sa ta shimfiɗa hannun da ya yi rubutun a kan teburin falo, ya ɗauko rular ƙarfe, ya riƙa saukar da kaifinta a kan gaɓoɓin yatsu. Da ta janye, Soja ya danne wuyan hannun da gwiwar hannunsa. Sun ji ƙarar da ɗan yatsan tsakiya ya yi, su duka ukun, Inna ma ta ji daga kicin, ta ƙara wa rediyo murya.

Maƙwabciyarsu ta leƙo da yamma ta ce ta ji kamar kuka. Soja ya ce mata aljanun ƙwaya ne ke fita, ai sai da haka. Ta ce Allah ya saka wa Malam da alheri, ba kowane uba ne zai tsaya a kan ɗansa haka ba. Wani ƙanen Hedimasta da ya zo gaisuwa ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa an bari ya bushe, dole a sa ƙarfi. Kowa ya kawo karin maganarsa ya ajiye ya tafi. Ba wanda ya ce a nuna masa hannun. Ɗinkin mutane ya taru a kan keke, yatsan ya kumbura ya yi baƙi, Auta ta ɗaure shi da ƙyallen atamfa da guntun sandar tsintsiya.

Ranar kwana talatin da uku suka tafi tare. Hedimasta ya sa rigarsa mai guga, ya isa minti goma kafin lokaci, ya ƙi zama a baranda cikin "waɗannan mutanen". A ɗakin Sista ya ja kujerarsa har gwiwarsa tana taɓa ta Auta. Da hagu ta riƙe fensir. Ta zagaye ɗari, ɗari, ɗari, ɗari, ɗari, da'irorin a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Sista ta ajiye takardar a gefe ba ta ko sa ta a fayil ba. Ta yi masa bayani da ladabi, ta ce wanda ya ce ashirin ya fi kusa da warkewa a kan wanda ya ce ɗari don tsoro, domin na farko ya san inda ramin yake. Ta ce lambar ba hali take aunawa ba, ba tarbiyya ba, abin da mutum ke ji a ransa ne a ranar. Sannan ta yi kuskuren da ba a yi wa irinsa: ta tambaye shi, a gaban 'yarsa, me ya samu hannun.

"'Yata," ya ce wa Sista a hankali, "lokacin da na fara gyaran takardun jarrabawa ba a haife ki ba. Awon da ɗalibi ke ba kansa maki ba awo ba ne. Jiya sifili, yau ɗari, gobe wa ya sani? Baki ne kawai. Tunda ku ba ku iya gwaji ba, ni zan yi."

Ya miƙe ya ce sun gode, daga yau ba ta ƙara zuwa. Sista ta biyo su har baranda tana cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ya taimaka ya bar ta ko sau ɗaya a mako. Bai juyo ba. Kafin su kai titi ya karɓe wayar Auta ya kashe ya sa a aljihu.

Da yammar nan ya je kemis da kansa ya sayo kati ɗaya na ainihin ƙwayar, guda goma. Ya ƙirga a gaban Soja, ya sa hannu da kwanan wata a bayan katin, ya saka a ambulan ya ajiye a durowar falo. Washegari ƙarfe takwas aka kwashe buhuna daga sito, ɗan ɗakin da ke bayan kicin mai taga ɗaya da sandunan ƙarfe. Aka shimfiɗa tabarma, aka sa bokiti da buta. Hedimasta ya ɗora ambulan a kan wata kujera a tsakiyar ɗakin ya karanta ƙa'ida: kwana uku, daga Talata zuwa Juma'a ƙarfe takwas. In goma suka cika ta ci, ya yafe mata har abada. In ko ɗaya ta ɓace, ita da shi ne. Ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

Ta daɗe a manne da bango, nesa da kujerar iyakar nisan da ɗakin ya bari, wato taku uku. Can ta ce gara ta ga abokin gaba ido da ido, ta buɗe ambulan da hagu. Tara ne. Gurbi ɗaya a fashe yake, ledar azurfar a lotse. Ta ƙirga sau huɗu, ta zazzage ambulan, ta ɗaga tabarma. Sannan ta faɗa kan ƙofa tana bugawa da kafaɗa tana kiran Baba ya zo ya gani tun yanzu. Daga falo muryarsa ta zo, ba hayaniya, ya ce ba a magana a ɗakin jarrabawa.

Da azahar Inna ta miƙo kwano ta tsakanin sandunan taga. Auta ta riƙe mata hannu ta nuna mata katin. Inna ba ta dubi katin ba, gwiwarta ta sunkuya ta shafa. Da ƙyar maganar ta fito: jiya gwiwar ta hana ta sakat, ta buɗe durowa tana neman magani, ta ga ambulan, ba ta san na gwaji ba ne, ɗaya tak ta ɓalla.

"To ki gaya masa, Inna."

"Kin san halinsa. A shekaruna ina zan je in ya ce in fita? Ki rufa mini asiri, Auta. Zan san yadda zan yi kafin Juma'a."

Babu yadda za ta yi, su biyun sun sani. Ko ta sayo wani katin, babu sa hannunsa a baya.

Wanda bai taɓa zama da abin da ransa ke kuka a kansa a taku uku ba, ba zai san kwana ukun nan ba. Yatsan yana bugawa kamar zuciya ta biyu. Bayanta ya riƙe saboda kwanciyar siminti. Ɗakin ya ɗauki zafi, warin bokiti ya cika shi. Kuma ga wata murya mai hankali da ke ce mata: an riga an kayar da ke, dukan saura tara da na saura bakwai duk ɗaya ne, sha biyu ki samu barci. Ranar Laraba ta ɗauki katin ta ɗora babban yatsa a kan ƙwaya ɗaya har ledar ta fara lotsawa. Ta ajiye. Ta wanke fuska da ruwan buta, ta kifa kujerar a kan ambulan, ta zauna a kan hannunta mai lafiya tana lissafa sunayen ɗinkunan da ta iya, tana kuka. Ranar Alhamis ta yi amai sau biyu. Ba don Baba ta ƙi sha ba, ba don Sista ba ma; so take ta san, ita kaɗai, ko nawa ne ainihin lambarta.

Juma'a ƙarfe takwas daidai kwaɗo ya buɗe. Kwana talatin da bakwai. Ta miƙe tana dafa bango, kuma duk da abin da ta san yana zuwa, akwai wani abu a ƙirjinta mai kama da alfahari. Hedimasta ya fito da katin a hasken tsakar gida, ya duba sa hannunsa, ya juya. Soja yana gefensa, Inna tana bakin kicin.

"Ban sha ba, Baba. Haka na same shi. Na buga ƙofa tun ranar farko."

Ya tambaya to wa ya sha, bango? Auta ta juya ta dubi uwarta. "Inna," ta ce, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Inna ta ce tana jin ƙaurin tukunya, ta shige.

Ƙaryar ce ta fi ɓata masa rai, haka ya riƙa faɗa daga baya. Marin farko ya kai ta ƙasa, muƙamuƙinta ya daki bakin famfo. Babu wayar dutsen guga a kusa, sai ya ɗauki kujerar da ta yi kwana uku a sito. Da ƙafar kujerar ta karye ya ci gaba da guntun. Soja, wanda duk rayuwarsa yake jiran yaƙi, ya sa takalmin gadinsa a haƙarƙarinta sau uku. Ba ta yi ihu ba don babu iskar yin ihun. Abin da ya tsayar da su jinin da ta tofar ne, mai kumfa, ya bi ruwan famfo ya nufi magudana.

A babban asibiti Hedimasta ne ya yi magana. Ya ce daga bene ta faɗo, shi da gidansa ko matakala ɗaya babu. Likitan matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ga haƙarƙari biyu a karye, ya ga tsohon shatin waya a baya, ya ga yatsa ɗaure da tsintsiya, ya kuma ga layin da ke jiransa har waje. Ya tambaya ko tana da wata lalura ko wani magani da ba ta sha. Hedimasta ya ce babu, lafiyayya ce, gidan tarbiyya ta fito. Auta ta yi ƙoƙarin magana, amma bakin ya kumbura, abin da ya fito gurnani ne. Ta ɗaga hannu tana girgizawa sa'ad da ta ga nas ta zuƙo allura, Soja ya kama hannun ya danne a katifa, ya ce tun tana ƙarama take tsoron allura.

Ta gane maganin tun kafin a zare allurar, ɗan'uwan ƙwayarta ne. Ɗumin ya taso daga ciki ya bazu zuwa kafaɗu, ya sauka har tafin ƙafa, ciwon ya ja da baya ya tsaya daga nesa. Hawaye suka gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne. Nas ta shafa kanta ta ce yanzu za ta ji daɗi.

Bayan kwana biyu aka sallame ta da takardar magani: ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma, har kwana goma. Kwalin fari ne mai dogon suna, bai yi kama da katin kemis ba, kuma likita ne ya rubuta, shi kuwa Hedimasta ba ya jayayya da takarda mai hatimi. Ya karɓi aikin bayarwa da kansa don kada a yi wasa da lokaci. Ranar farko da ya shigo da kofin ruwa, ta tattara abin da ya rage mata na baki ta ce masa ƙwayar ce, Baba, wannan ɗin ita ce, sunan ne kawai daban. Ya ce wato yanzu ta fi likita sani. Ta dantse haƙora. Ya kira Soja ya matse mata kumatu, daidai inda ya fashe, har bakin ya buɗe. Ya sa ta ɗaga harshe ya duba.

A unguwar ba wanda ya kira wannan laifi. Laifi ai na mashaya ne, masu kwana a kwata; mutumin da ya biya kuɗin asibiti, ya tsaya a kan maganin 'yarsa sau uku a rana, wa zai ce masa me? Sista ta kira wayar da ke kashe har ta gaji, ta zo ƙofar gidan sau ɗaya Soja ya ce sun yi tafiya, ta koma ga mutum arba'in ɗinta. Inna tana kai ruwan zafi ta ajiye a bakin ƙofa ta juya, ba ta yarda su haɗa ido. An tambayi yarinya inda take da rauni, ta faɗa, sai aka ɗauki amsar aka san inda za a doka. Ta ce ciwo da rigimar gida ne za su iya kayar da ita, gidan ya haɗa mata su biyun, ta tsallake. Da suka ga ba ta faɗi ba, sai suka buɗe bakinta da hannu.

A rana ta uku ba a buƙaci Soja ba. A rana ta biyar Auta tana kwance tana kallon silin, jikinta ya fara tsattsafo da gumi, ƙafafunta sun ƙi zama wuri ɗaya. Ta tsinci kunnenta a falo, yana bin motsin jarida, yana jiran ƙarar durowa. Ta juya fuska bango ta rufe ido, ta yi ƙoƙarin tuna lissafin kwanakinta, ta rasa daga inda za ta fara. Ta jure minti goma, ta ƙara biyar. Sannan ta ji muryarta ta fita da kanta, siririya, ta ratsa labule.

"Baba, sha biyu ba ta yi ba?"

Hedimasta ya dubi agogonsa ya ce saura kwata. Ya juya ga Inna, wadda ke tsaye da faranti a hannu, ya ce mata ta gani ko, yarinya ta fara hankali, yanzu da kanta take tuna masa.